Wushiryar Nana

Dogarawa, ana jiran ruwan shuka

Zuwa ga ɗiyata Naja'atu, a Yamai.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan takardar nan ta same ku lafiya, ke da maigidanki Almustafa da jikata, amaryata Nana. Mu nan lafiya lau. Gwiwata ta hagu ce kawai take ƙorafi, ni kuma na daina sauraronta. Uwani matar yayanki tana gaishe ki.

Jiya da la'asar Mutari, ɗan ƙanina mai tuƙa motar siminti daga Malbaza, ya tsaya a bakin hanya. Ko injin bai kashe ba, ya leƙo ya ce, "Baba Baƙo, albishirinka! An samu likitar da za ta gyara bakin Nana." Na ce ya sauko ya yi mini bayani. Ya ce shi dai abin da ya ji ke nan, wai ƙarfe za a sa mata. Ya ja motarsa ya bar ni da hayaƙi da tambayoyi. Don murna har na manta butata a wurin, sai da yara suka kawo mini.

Naja'atu, gajartar Nana ba ta taɓa damuna ba. Allah ya yi ta wada, ya kuma ba ta wayon da ya fi na dogayen gidan nan gaba ɗaya. Abu biyu ne suke ci mini rai. Bara na gasa mata masara, ta juya ta nan, ta juya ta can, haƙoranta suka ƙi kamawa. Ƙarshe ta ɓare ta da yatsu, ta ce, "Kaka, masararka ce mai taurin kai." Na yi dariya, amma ban ji daɗi ba. Na biyu shi ne hannun nan da take ɗorawa a baki duk lokacin da dariya ta zo mata, tun ranar da 'yan matan bakin rijiya suka kwaikwayi haɓarta. Yarinya 'yar shekara tara tana ɓoye dariyarta kamar abin sata. In likitar nan za ta sauke mini hannun nan daga bakinta, ni ta gama mini komai.

Amma ki gaya mini gaskiya, wane irin ƙarfe ne? Ni ƙarfen baki da na sani shi ne linzami. Za ta iya cin tuwo da shi? Zai hana ta surutu? In zai hana ta surutu ban yarda ba.

Kuma in an tashi lakwal, 'yan makaranta sun samu hutu, ki turo mini ita ta yi damina a nan, kamar yadda aka saba.

Ki amsa mini a takarda. Ban zauna benci ɗaya da samari a makarantar yamma ba, da furfurata, don a riƙa yi mini ihu a waya. Takarda ina karanta ta yau, gobe in sake.

Mahaifinki,
Baƙo

*

Yamai

Zuwa ga Baba.

Wa alaikumus salam. Mun samu takardarku, mun ji daɗin lafiyarku. Gwiwar nan ku kai ta asibitin Malbaza, rashin sauraro ba magani ba ne. Muna lafiya. Nana ta ji an ambaci linzami, ta ce a gaya muku ita ba jakar gidanku ba ce.

Ga bayanin likita yadda na fahimta. Yara irin Nana, ba ƙashin hannu da ƙafa kaɗai ke tsayawa ba, har ƙashin tsakiyar fuska ba ya girma sosai. Shi ya sa muƙamuƙin sama ya zama ƙarami, ganɗarta ta matse, haƙora suka rasa wuri suna hawan juna, na ƙasa kuma suka wuce gaba. Numfashin da take yi ta baki da minsharin nan ma suna da alaƙa da haka. Likita ta ce yanzu ne lokacin gyara, tun ƙashin bai gama ƙwari ba.

An riga an sa ƙarfen. Ɗan ƙarami ne, a ganɗa yake, an kama shi da haƙoran tauna. A tsakiyarsa akwai wani ɗan rami da ake zura makulli a murɗa, shi kuma yana buɗa ganɗar a hankali. Kwana biyun farko ta yi ta dalalar da miyau tana fushi da kowa. Yanzu ta saba, surutu kuma sai abin da ya ƙaru.

Na so likitar nan ƙwarai. Kafin ta taɓa Nana sai da ta sa mata matashi a wuya, ta ajiye akwati ƙarƙashin ƙafafunta don kada su yi ta reto. Ta ce masu irin jikin Nana ba a danna musu kai baya, wuyansu ba ya son haka. Ku riƙe wannan, Baba.

Zan turo ta da Mutari ranar da aka tashi lakwal, tare da makullin. Kowace safiya ku murɗa sau ɗaya, Uwani ta haska muku da tocila. Ku kwantar da ita da matashi. Safiyar Babbar Salla ita ce murɗawa ta ƙarshe. Daga nan ku ajiye makullin, ƙarfen ya zauna a bakinta har lokacin sanyi, don sabon ƙashi ya cika wurin.

Ban da rake, ban da alewa mai danƙo, ban da gatsar masara. Naman Salla a yayyanka mata ƙanana. Buroshi safe da yamma, ku tsaya a kanta, don haƙoran da suka cunkushe saurin ruɓewa gare su, ita kuma in an juya baya jiƙa buroshin kawai take yi.

Na ba ku amanar bakin nan, Baba.

Ɗiyarku,
Naja'atu

*

Dogarawa, bayan Salla

Zuwa ga ɗiyata Naja'atu.

Assalamu alaikum. Barka da Salla, Allah ya maimaita mana. Kowa lafiya, hatsi ya fito, gwiwa tana nan. Yau ba zan tsawaita gaisuwa ba don labarin ba ya jira.

Naja'atu, Nana ta yi wushirya!

Me ya sa ba ki gaya mini ba? Ko so kika yi ki ba tsoho mamaki? Uwani ce ta fara gani. Wata safiya tana riƙe da tocila, ni ina laluben ramin da tabarau a hanci, sai ta ce, "Baba, ku dubi gaba, ku bar can ciki." Na duba. Tsakanin haƙoran gaba biyu na sama wata 'yar hanya ta buɗe, siririya kamar tsinke. Kullum sai ta ƙaru kaɗan. Kafin Salla, ƙwayar dawa tana iya wucewa.

Ke kina ƙarama mahaifiyarki Tabawa ta rasu, ban san ko kina tuna bakinta ba. Wushiryarta ce na fara gani a kasuwar Illela, tana yi wa mai goro dariya saboda tsadarsa. Na manta abin da na je saya. To, ita ce wannan. Faɗin ɗaya, wurin ɗaya. Tsohuwa Karima, ƙawarta, ta shigo barka da Salla, Nana ta gaishe ta, sai ta zauna a ƙasa tana kuka tana cewa, "Tabawa ta leƙo mu." Kafin azahar matan unguwa sun cika gidan, kowace tana cewa, "Nana, yi mana murmushi." Kin san a nan wasu har wurin wanzami suke zuwa a fiƙe musu haƙori don su samu abin nan. Ita ga shi an ba ta kyauta.

A filin Idi 'yan matan bakin rijiyar nan suka kewaye ta. Ina jin su. Ɗaya ta ce, "Wa ya yi miki?" Nana ta ce, "A Yamai ake yi, amma gajeru kaɗai ake yi wa. Ke kin makara, kin yi tsawo." Ta tuntsire da dariya, hannuwanta biyu a ƙugu. A ƙugu, Naja'atu! Na juya baya na share ido da hannun riga, na ce wa maƙwabcina hayaƙin gashin nama ne, alhali ko rago ba a yanka ba tukuna.

Ta koyi fito ta cikinta, kaji sun shiga uku. Madubin Uwani kuma ya koma hannunta.

Washegari na ɗauke ta a kabu-kabu zuwa Malbaza aka yi mata hoto tana dariya. Hoton Tabawa ɗaya ne a duniya, na katin ɗan ƙasa, shi ma mai hoton ya sa ta rufe baki. Shekarun nan duka ina kallonsa ina neman abin da babu a ciki. Yanzu na jera su biyu a bango, na samu. Na sa miki ɗaya a cikin takardar nan.

Na yi murɗawa ta ƙarshe safiyar Salla kamar yadda kika ce, makulli yana cikin gwangwanin allurata. Buroshi ba fashi, ina tsaye a kanta kamar jandarma.

Ga buhun albasa da zabi biyu a hannun Mutari. Na likita ne, kada Almustafa ya yi musu kallon miya. Ki ce mata wani tsoho a Dogarawa yana sa mata albarka bayan kowace salla.

Mahaifinki mai farin ciki,
Baƙo

*

Dogarawa, ana noman farko

Zuwa ga Naja'atu.

Assalamu alaikum. Muna lafiya, ina fatan ku ma haka. Ban samu amsarki ba, amma ba zan iya jira ba.

Aikin yana komawa baya. Wushiryar tana rufewa. Da farko na ce idona ne, sai na gwada da ƙwayar dawa, ta ƙi wucewa. Yanzu ta hatsi, 'yar ƙwayar geron nan, ma da ƙyar. Jiya na tarar da Nana bayan rumbu da madubi a hannu, tana hawaye. Da ta gan ni ta ce ƙwaro ne ya faɗa mata a ido.

Na yi tunani a kai sosai. Ni manomi ne, na san in ka ɗaure reshe don ya miƙe, ka saki igiya da wuri, komawa yake yi inda ya fito. A ganina mun daina murɗawa da wuri. Wataƙila likita ta yi lissafinta da yaran birni, ita kuma Nana ƙashin Dogarawa gare ta. Karima ma haka ta ce, kuma duk matan da suka duba bakinsu ɗaya: a ƙara murɗawa kafin ta rufe gaba ɗaya.

Makulli yana hannuna, hannuna kuma ya saba. Amma ba zan yi ba tare da na sanar da ke ba. Mutari zai iso Yamai gobe. In kina da ja, ki aiko mini kafin Juma'ar sama. In ban ji daga gare ki ba, na ɗauka kin yarda, zan ci gaba da murɗawa kowace safiya har ta koma yadda take ranar Salla.

Ba zan zauna ina kallo yarinyar nan ta mayar da hannu baki ba.

Mahaifinki,
Baƙo

*

Yamai

Baba,

Salamu alaikum. Don Allah, don Annabi, kada ku taɓa makullin nan. In kun fara, ku daina yanzu.

Yau takardarku ta iso hannuna, Juma'ar da kuka faɗa ta wuce da daɗewa. Motar Mutari ta lalace a Dogon Dutsi, ya zauna jiran kayan gyara, takardar tana cikin aljihun mota. Shiruna ba yarda ba ne, Baba, ban ma sani ba! Na kira wayar Uwani har yatsana ya gaji, a kashe take. Wannan takardar na ba direban taksi, na roƙe shi ya miƙa muku hannu da hannu.

Laifina ne. Likita ta gaya mini tun farko cewa haƙoran gaba za su rabu, ni kuma na manta ban rubuta muku ba. Da na karanta murnarku, sai na kasa ɗaukar alƙalami in ɓata muku ita, na ce sai na zo. Ga gaskiyar: ratar nan alama ce kawai cewa ganɗa ta buɗe. Ba ita ake nema ba. Ƙashin yana nan a buɗe, ƙarfen yana riƙe da shi. Haƙoran ne dasashi yake jawowa su koma kusa da juna, kuma haka ake so, don na gefe da suka rasa wuri su samu su sauko.

Na ruga wurin likita da takardarku. Ta ce in aka ci gaba da murɗawa, haƙoran tauna na sama za su wuce na ƙasa ta waje, ba za su ƙara haɗuwa ba. Yarinyar da ba ta iya gatsa, tauna ma sai ta gagare ta, a koma gyaran ɓarna maimakon a ci gaba.

Na san abin da wushiryar nan take nufi gare ku. Ni ma na daɗe ina kallon hoton da kuka aiko, don ban tuna bakin Inna ba. Amma bakin Nana ne, Baba, da shi za ta ci abinci har tsufanta.

In kun murɗa, ku gaya mini gaskiya, ku sa ta a mota gobe. Ban iya cin komai ba tun safe.

Naja'atu

*

Dogarawa, hatsi ya fara ciki

Zuwa ga ɗiyata Naja'atu.

Wa alaikumus salam. Ki ci abinci. Ban murɗa ba.

Yanzu da kin numfasa, ga gaisuwa: muna lafiya, Nana lafiya, gwiwa na kai ta Malbaza sun ba ni abin shafawa mai warin kananzir. Wayar Uwani kuwa cikin randa ta faɗa, tana cikin buhun shinkafa tana jinya.

Kada ki yaba mini, ba hankalina ne ya hana ni ba. Da Juma'ar ta wuce ban ji ki ba, na ɗauko makulli, na shimfiɗa tabarma, na sa matashi, na kira Uwani da tocilarta. Na ce, "Amarya, zo mu dawo da kayanmu." Ta zo ta tsaya, ta dubi makullin, ta dube ni, ta datse baki. Ta cikin haƙora ta ce, "Likita ta ce bayan Salla ko Mama ba za ta taɓa ba. Kai wane ne?"

Na ce, "Ni mijinki ne."

Ta ce, "Na sake ka."

Uwani ta yi dariya har tocila ta faɗi. Ni ma na yi, na ce gobe za ta sauko. Ba ta sauko ba. Tun daga ranar, duk inda ta hango ni sai ta rufe baki gam. Tuwo a ɗakin Uwani take ci. In na yi abin dariya sai ta kumbura kumatu ta gudu bayan gida ta yi a can, don tana tsoron in ta buɗe baki zan zura makulli. Fito ya tsaya. Gidan ya yi tsit, har kaji suka samu sarari. Kwanaki muna haka.

Ina cikin noma wata rana sai na tsaya na jingina da hauya. Na ce wa kaina, Baƙo, me kake nema tun farko? Dariyar yarinya ka roƙi Allah. Ya ba ka. Yanzu kai da makullinka kun kore ta bayan gida.

Na dawo na same ta tana ba akuya ɓawon wake. Na zauna nesa kaɗan, na ajiye makullin a ƙasa tsakaninmu, na ce, "Ɗauki, naki ne." Ta daɗe tana kallona kafin ta ɗauka. Na ce, "To amma gaya mini, in ba kya son a dawo da ita, kukan me kika yi bayan rumbu?"

Ta ce, "Ni ban damu da ita ba. Likita ta gaya mini baƙuwa ce, za ta tafi. Kai ne. Tun da ta fito kullum kana cewa Tabawa, Tabawa. In ta rufe, shi ke nan na daina kama da ita, in koma wadar gidan Baƙo."

Naja'atu, ban san lokacin da na jawo ta jikina ba. Ashe ni ina karanta hawayenta yadda nake so, ita kuma ni take yi wa kuka. Na ce mata kakarta ta taɓa rufe ni waje da ruwan sama saboda na sayar da tunkiyarta ban tambaye ta ba. Na ce, "Matar da ta iya datse baki kwana da kwanaki don ta kare abinta, ba ta buƙatar wushirya kafin a san jinin wa ce." Ta ce, "Da gaske ta rufe ka waje?" Na ce har na yi mura. Ta yi dariya, baki buɗe, a gabana. Ratar ta kusa rufewa, ban ma kula ba sai daga baya.

Takardarki ta iso bayan wannan, na karanta mata. Ta ce, "Ka ji ko? Ƙashin Dogarawa!"

Tun da na daina kallon wuri ɗaya, na fara ganin sauran. Jiya da rana ta yi barci a gindin bedi, bakinta a rufe, minsharin ya ragu har sai da na sunkuya na saurara. Haƙorin nan na gefe da ya maƙale can sama ya fara saukowa layi. Karima ta zo tana jajen wushirya, Nana ta ce mata, "Aro ce, Kaka ya gani, an mayar."

Masarar damina ta nuna, na hana kowa gasawa a gabanta. Amma zan shuka wata a gefen lambun albasa, yadda za ta nuna lokacin da za a cire ƙarfen. Makullin yana rataye a wuyanta da zare, da shi za ta dawo miki kafin a koma lakwal.

Mahaifinki,
Baƙo

*

Yamai, cikin sanyi

Zuwa ga Baba.

Assalamu alaikum. Muna lafiya, muna fatan ku ma haka. An cire ƙarfen, likita ta ce ganɗa ta zauna daidai. Aiki bai ƙare ba. Yanzu akwai wani abin da take sawa a fuska in za ta kwanta, yana jawo muƙamuƙin sama gaba a hankali, kuma za a daɗe ana bibiya har ta girma. Amma haƙoran gaba sun fara samun juna. Masararku ta iso, likita ma ta samu rabonta. Sauran bayani mai shi ta ƙwace alƙalami.

Kaka tsoho,

Ina gaishe ka, da Inna Uwani, da akuyata, da kajin da suka yi kewata. Mama ta gasa masarar. Na gatsa. Ta farko ta zame. Na sake, ta kama! Na ci rabi da haƙorina, rabi da yatsu don na gaji. Har yanzu masararka tana da taurin kai amma na fi ta. Na sa totuwar a leda, Mutari zai kawo maka don kada ka ce ƙarya nake. Baba ya yi mini hoto. Wushirya ta tafi duka. Na mayar da aurenmu, amma in ka ƙara taɓa makulli shi ke nan.

Nana

*

Dogarawa, ana cirar albasa

Zuwa ga ɗiyata Naja'atu da amaryata Nana.

Wa alaikumus salam. Muna lafiya, gwiwa ma yau ta yi shiru don ta ga ba ranarta ba ce.

Mutari ya kashe inji wannan karon. Ya sauko da leda a hannu yana cewa, "Baba Baƙo, ni dai na taɓa ɗaukar siminti, na ɗauki zabi, amma yau ne na fara kawo totuwa daga Yamai." Na ce ya miƙo da hannu biyu.

Na sa tabarau na karanta ta daga wannan kai zuwa wancan. Na ga inda ta zame. Na ga inda ta kama, sawun haƙora a jere, ƙanana, na sama da na ƙasa suna fuskantar juna. Na kai wa Karima, na kai majalisar bakin masallaci, na nuna wa malamin da ya koya mini karatu. Yanzu tana rataye a bango inda akuya ba za ta kai ba.

Nana, na karɓi komen, na kuma karɓi sharaɗin. Abin fuskar nan ki riƙa sa shi kullum, ko ya dame ki. Masarar damina mai zuwa gaba ɗayanta za ki cinye da haƙori, ba rabi ba.

Hoton ya shiga layi, na uku. Tabawa da bakinta a rufe, Nana ta Salla da wushiryar aro, sai wannan. Karima ta daɗe tana leƙa bakin, ta ce kaico, ko alama babu. Na ce mata ba nan ake dubawa ba, ta dubi hannuwa. Yarinyar tana dariya har idonta ya rufe, hannuwanta biyu suna riƙe da masara, babu wanda ya rage na rufe baki.

Alhamdu lillahi.

Mahaifinki, kuma angon Nana,
Baƙo